Buɗe-mu-gani Tsakanin Tukunya da Faranti

Tun yana ɗan shekara bakwai aka laƙaba masa sunan da ya bi shi har furfura. Mahaifinsa yana da agogon bango, irin mai kaɗa harshe hagu da dama, wanda ba a yarda ko ƙuda ya sauka a kansa ba. Wata rana da hantsi uban ya fita, sai agogon ya tsaya. Yaron ya ja kujera ya hau, ya sauko da shi, ya samo wuƙar yankan albasa ta mahaifiyarsa ya kwance bayansa. Da uban ya dawo ya tarar da agogo a bango yana ta tafiyarsa, ga kuma ƙananan kusoshi uku da wani ɗan ƙarfe mai haƙora zube a kan tabarma.

"Waɗannan fa?" in ji uban.

"Sun yi yawa ne, Baba. Ka ga ai yana tafiya ba su."

Tafiya kam yana yi, har da sauri, don cikin minti arba'in yake cinye awa guda. Da aka matsa wa yaron ya faɗi abin da ya kai shi, sai ya ce shi dai ya ce a ransa ne bari mu buɗe mu gani. Ya sha duka daidai gwargwado, sunan kuma ya zauna. Da ya girma aka gajarta shi, kowa Buɗe yake ce masa, har mahaifiyarsa, wadda shi da duk mutanen layin shagonsa suke kira Inna.

Buɗe ya koyi gyaran rediyo a wurin wani tsoho mai ido ɗaya. Yana gama ƙwarewa mutane suka koma talabijin. Ya koyi talabijin da bidiyo mai kaset, sai kaset ya mutu. Ya koma faifai, shi ma bai daɗe ba. Yakan ce duk sana'ar da ya aura sai ya yi mata takaba. Abu ɗaya ne ya zo ya ƙi mutuwa, wato na'urar wasan da ake jona wa talabijin, wadda yara da manyan da suka ƙi girma suke kira gem. Wannan kam kullum tana lalacewa, kullum kuma masu ita ba sa iya kwana biyu ba ita. A kanta ya kafa shagonsa, ɗaki ɗaya mai faɗin tabarma uku, da teburi mai ƙone-ƙonen ƙarfen narka dalma, da kanta cike da gawarwakin na'urorin da masu su suka haƙura suka bari.

Aurensa ma gyara ne ya kawo shi. An kira shi wani gida ya duba talabijin, 'yar gidan, malamar lissafi a makarantar firamare, ta kawo masa ruwan sha. Aikin bai fi na minti goma ba, waya ce ta saki. Sai da ya yi zuwa biyar yana gyaran wayar nan. A zuwa na biyar yayanta, wanda sana'arsa gyaran firji ce, ya tsaya a kansa ya riƙe ƙugu ya ce, "Kai, in talabijin ka zo gyarawa, jahili ne kai. In ƙanwata ka zo gani, matsoraci ne. Zaɓi ɗaya." Buɗe ya zaɓi tsoro. Sama da shekara talatin ke nan, kuma har yau Mai Firji bai daina kiransa Ango ba, shi kuma Yaya yake ce masa, ko da kuwa suna tsakiyar musu. Shagunansu bango ɗaya ne ya raba su, a wani dogon layi mai shago tara da ke shan wuta daga mita guda. Matarsa kuwa kowa Malama yake kiranta.

A shekarar da Buɗe ya cika hamsin da biyu ne labari ya bazu cewa manyan kamfanoni biyu masu ƙera gem za su fitar da sababbin na'urori, kowanne yana cewa tasa ce ƙarshen magana. Ba a fara sayar da su ba, hotuna kawai aka saki, da wasu bidiyoyi inda injiniyoyin kamfanonin suke kwance su gunduwa-gunduwa suna bayani. Ɗaya faffaɗa ce siririya, ɗayar kuma mai zurfi ce mai tumbi da rami a ka. Sunayensu na gaskiya sun yi wa mutanen layin wuyar faɗa, sai aka raɗa musu Faranti da Tukunya.

Buɗe ya kalli bidiyoyin nan a wayarsa har ya haddace inda kowane injiniya yake haɗiyar yawu. Yakan tsayar da hoton, ya kawo gilashinsa na ƙara girma ya kafa a kan fuskar wayar, yana ƙirga kusoshi. Da rana, idan aiki ya lafa, sai a fito da benci gaban shagunan, shi da Mai Firji su buɗe zaman shari'a, masu jiran aski a shagon wanzamin layin su zama 'yan kallo.

"Yaya, bari in yi maka bayani kamar yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya," in ji Buɗe. "A cikin kowace akwai ƙwaƙwalwa, ba ta fi kan babban yatsanka ba. Ita ke zana duk abin da kake gani a talabijin, sau sittin kafin ka ƙifta ido. Mai aiki haka dole ya yi zafi. To, duk faɗan da kamfanonin nan suke yi, faɗa ne a kan inda za a kai zafin nan."

"Kai za ka koya mini zafi da sanyi?" in ji Mai Firji. "Ango, tun kana cire wa agogo hanji nake cin abinci da sanyi. Tukunya ce na'ura. Fanka ɗaya ƙatuwa, tana juyawa a hankali kamar mai kuɗi yana tafiya, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta ka. Shike nan."

"Shike nan, sai ka faɗa mini kantar da za ta shiga. Wa yake da wurin ajiye turmi a ƙarƙashin talabijin? Kuma ramin nan na kanta, wallahi sati ɗaya ba za ta yi a gida mai yara ba sai an jefa mata cokali."

"To, Farantin naka fa?"

"Ba nawa ba ne. Su kuma don son a ce siririya ce, sun matse komai wuri ɗaya, sun sa ƙananan fankoki biyu. Ƙaramar fanka sai ta yi gudu kafin ta yi aikin babba, in ta yi gudu kuwa sai ta yi kuka. Za ka ji kamar sauro ya samu lasifika. In zafin ya fi ƙarfinta kuma, ƙwaƙwalwar ta rage wa kanta gudu, kana cikin tsere motarka ta koma kunkuru."

Haka suka bi su gaɓa-gaɓa har tsawon makonni. Ma'ajin wasanni na Faranti yana da sauri kamar walƙiya, amma ƙarami ne, kuma an liƙe shi da dalma, in ya cika ya cika. Na Tukunya bai kai shi sauri ba, amma an bar masa 'yar ƙofa a baya ta ƙara wani. Hannun da ake riƙewa a danna, na Faranti yana rawa a tafin mutum, wanda Buɗe ya ce wata sabuwar hanyar lalacewa ce kawai aka ƙirƙiro, ya kuma gode musu. Da aka ji cewa kamfanonin biyu duk sun ɗage ranar fitowa saboda masana'anta guda ce take yi musu ƙwaƙwalwar, kuma ta kasa ƙosar da su, sai Buɗe ya yi dariya har da buga cinya.

"Unguwa biyu, rijiya ɗaya! Injiniyoyi dubu a nan, dubu a can, babu wanda ya yi tunanin guga. Ni da za a ba ni wata uku da kayan aiki, sai in yi wadda ta fi su duka biyun: siririya kamar Faranti, shiru kamar Tukunya."

Rashin sa'arsa, a daidai lokacin Malama ta biyo ta layin daga makaranta, da littattafan ɗalibai rungume a ƙirji. Ta tsaya, ta gyara zaman tabaronta.

"Malam, wata nawa ka ce?"

"Uku," in ji shi, muryar ta ɗan sauka.

"To, ga shaidu. Ni kuwa na gaji da jin Tukunya da Faranti a gidana, har in na ce a miƙo mini faranti sai ka ce fankarsa ƙarama ce. Ka yi taka mu gani, mu huta."

Masu jiran aski suka kwashe da dariya. Baki shi ke yanka wuya. Kafin la'asar duk layin ya san Buɗe zai ƙera gem.

Ya fara da kantar gawarwaki. Ya zaɓi fanel mafi lafiya, wato allon da ƙwaƙwalwa ke zaune a kai, daga wata tsohuwar kwamfuta da wani ofis ya yar, ya ciro ma'aji daga wata na'ura, akwatin wuta daga wata. Bai ce zai ƙera ƙwaƙwalwa ba, ko su kamfanonin ai saye suke yi. Abin da ya yi alkawari shi ne jiki siriri marar kuka. Don haka yana buƙatar gida mai faɗi marar zurfi, kuma na ƙarfe, don ya sha zafi. A ranar Malama ta nemi babban tirenta na baƙi sama ko ƙasa ta rasa. Bayan kwana biyu ɗan'uwansa ma ya bi shi, don ana buƙatar murfi.

Ranar da ya fara kunnawa, hoto ya fito a talabijin ɗin shagon tsaf. Buɗe ya leƙa ya kira Mai Firji da hannu, kamar mai nuna jariri. Suka tsaya suna kallo. Minti huɗu, hoton ya fara tsalle. Minti shida, ya daskare. Mai Firji ya ɗora yatsa a kan tiren ya janye da sauri ya sa a baki.

"Ango, a soya ƙwai ko a dafa?"

Buɗe ya ƙara fankoki. Ya fara da biyu, ya koma huɗu, ya huda tiren da ƙusa, ya toshe ramukan da rariyar tace shayi don kada ƙura ta shiga. Zafi ya sauka. Amma idan aka kunna, sai ka rantse jirgi ne zai tashi daga cikin shagon. Mai sayar da littattafai na ƙarshen layi ya aiko a tambaya ko injin niƙa aka kawo, yana da ɗan abin da za a niƙa masa.

Maganin kuka, a ganin Buɗe, shi ne a rufe bakin mai yi. Ya yanko soso daga gefen wata tsohuwar katifa da ke ɗakin baƙi, ya naɗe na'urar da shi. Kuka ya ragu ƙwarai. Zafi kuma ya dawo da 'yan'uwansa, har soson ya fara wari. Ya cire soson, kuka ya dawo. Ya mayar da rabi, sai ya samu rabin kuka da rabin zafi, kuma ba ɗaya daga cikinsu da za a iya zama da shi. Wata guda ya tafi a haka. Ya rame, ya daina fitowa benci. A gida yana cin abinci yana zana fanka a kan tebur da yatsa.

Malama ta gane inda tirenta biyu suka tafi, ta gane rariyar, ta kuma ga katifar da aka yi wa kaciya. Sai ta ɗauki abin busar da gashinta, da yake shi ma yana da fanka, ta kulle a akwati, ta sa makullin a jakar makaranta.

Wata na biyu Mai Firji ya ji tausayinsa, ko kuma ya ga dama ta samu. Ya shigo shagon ya zauna a kan wata matacciyar talabijin.

"Ango, iska wasan yara ce. Kana ta fifita abin da yake son ƙanƙara. Ina da kwamfaresar wani ƙaramin firji, injin da ke kawo sanyin, lafiyarta ƙalau. Mu naɗa bututun sanyi a ƙarƙashin fanel ɗin, ka ga ikon Allah."

"Yaya, ai na ce siririya."

"Tiren yana nan siririnsa. Kwamfaresar a ƙasa za ta zauna, wa zai leƙa?"

Buɗe ya san wannan ha'inci ne, amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Suka yi kwana tara suna aiki tare, karo na farko a shekara ashirin da shida da suka riƙe abu ɗaya ba tare da ɗaya yana ja ba. Da suka gama, na'urar ta zama tire biyu a sama, ƙarƙashinsu akwatin katako mai ɗauke da kwamfaresa, ƙarƙashinsa kuma tayoyi huɗu na keken jarirai, don mutum ɗaya ba ya iya ɗaga ta.

Suka kunna da misalin sha ɗaya na safe. Ba kuka sai ɗan gurnani irin na firji. Minti goma, hoto lafiya. Minti ashirin, tiren sanyi ƙalau. Mai Firji ya fara zagaya shagon yana tafa wa kansa. A minti na talatin Buɗe ya lura da wani ɗigon ruwa a gefen tiren. Ya duba rufin shago, ba ya yoyo. Ya ɗaga murfin. Fanel ɗin gaba ɗaya ya jiƙe da gumi, kamar kwalbar lemo da aka fitar daga firji, ruwa yana gangarowa a hankali zuwa wurin da manyan wayoyin wuta suke.

"Yaya," ya ce, "kashe!"

Kafin Mai Firji ya kai hannu, sai ji suka yi fat! Wani shuɗin haske ya gilma, wuta ta ɗauke a shaguna tara gaba ɗaya. Can sai ga wanzami a bakin ƙofa riƙe da injin askinsa da ya mutu, a bayansa wani babban mutum mai tumbi sanye da ƙyallen aski a wuya, rabin kansa fes kamar ƙwai, rabin kuma gashi cunkus.

"Wanne ne injiniyan a cikinku?" in ji mutumin.

Buɗe da Mai Firji suka nuna juna.

Mutumin yana da taro ƙarfe sha biyu. Sai da aka ƙarasa masa askin da almakashi da reza a bakin titi, Buɗe yana riƙe da madubi, Mai Firji yana ba da haƙuri a madadin kimiyya. Daga ranar aka yi musu doka a layin: duk lokacin da za su kunna abin nasu, sai sun fara sanar da wanzami.

Abin mamaki, fanel ɗin bai mutu ba, fiyus ne da wasu 'yan abubuwa suka ƙone. Buɗe ya busar da shi a rana kwana biyu. A nan ya zauna ya yi tunani irin wanda bai taɓa yi ba tun da ya fara. Ya gane cewa abin da yake nema guda uku ne, sanyi da shiru da ƙanƙanta, kuma duk biyun da ya kama sai na ukun ya kuɓuce. Ya rage ƙarfin kwamfaresar yadda ba za ta kai ga yin gumi ba, ya bar fanka ɗaya babba, ya shafe fanel ɗin da man da ke hana ruwa kama shi. Ya kuma rage wa ƙwaƙwalwar gudu da hannunsa, abin da ya yi makonni yana zagin masu ƙera Faranti a kai. Wannan bai gaya wa kowa ba.

Saura kwana huɗu wa'adi ya cika sai wata matsalar ta ɓullo, wadda ko a mafarki bai hango ba. Na'ura ta samu, wasan da za a yi a kanta ne babu. Duk wasannin da ke shagon an rubuta su ne don na'urorin kamfanoni, ba wanda ya san da zaman tiren Malama. Da ƙyar ya samu wani tsohon wasan tseren mota da ya yarda ya tashi, shi ma sai an lallaɓa shi.

Ranar Asabar da la'asar aka turo na'urar bakin shago a kan tayoyinta, an lulluɓe ta da zanen gado. Aka sanar da wanzami, ya rufe shago ya zo kallo. Mutane suka cika benci har da na tsaye. Malama ta zo, ta kawo Inna, wadda a lokacin ta haura saba'in da biyar, don ta ce ba za a yi abin kunyar ɗanta a bayan idonta ba.

Aka rasa wanda zai fara gwadawa, kowa yana tuna shuɗin hasken nan. Inna ta miƙa hannu.

"Ba ni nan. Ni na haife shi, in abin zai kashe wani ni ya kamata ya fara."

Buɗe ya durƙusa ya nuna mata: wannan gudu, wannan birki, wannan hagu da dama. Ta juya hannun gem ɗin a tafinta ta yamutsa fuska.

"Buɗe, wa ka yi wa wannan? Mai yatsu goma sha biyu? Ga maɓallai kamar ƙwayar magani. Birkin ma ka bar shi, ba inda za ni da shi."

Ta danna gudu, ba ta sake ɗagawa ba. Motar ta daki bango, ta daki wata motar, ta hau gefen titi ta sauko, Inna tana karkata jikinta gaba ɗaya duk inda hanya ta karkata, tana yi wa sauran direbobin faɗa. "Kauce, marar tarbiyya! Ɗan wa ye wannan?" A zagaye na uku ta gane kan abin. A na biyar ta zo ta biyu. Layin ya kaure da ihu. Mai Firji yana tsugune a gefe da tsumma yana jiran gumi, gumi bai zo ba. Buɗe yana kallon agogon hannunsa. Awa ɗaya da minti goma na'urar ta yi tana aiki, kuma ba ita ta gaji ba, Inna ce ta ce wuyanta ya riƙe.

Buɗe ya miƙe ya kalli Malama. Ta zagaya na'urar sau ɗaya, ta leƙa ƙarƙashi, ta ga akwatin da tayoyin.

"Ta yi aiki, Malam, ban hana ka ba. Shiru kuma ba laifi. Siririyar ce dai na ga ta yi ciki."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Sai mai sayar da littattafai ya ce yana so a yi wa 'ya'yansa irinta, nawa za ta tasar masa? Buɗe ya fara lissafa kayan da baki, Malama tana haɗawa a ka. Da ta faɗi jimillar, ta ninka farashin da aka ce za a sayar da Tukunya sau biyu da ɗoriya, ban da tire. Kuma da ya duba kantarsa, babu wani fanel irin wancan, babu kuma ofishin da ya san zai yar da wani nan kusa. Na'urar ta zama 'ya ɗaya tilo. Mai littattafai ya ce bari ya yi shawara da iyalinsa, har yau yana shawarar.

Aka tura ta gida, aka ajiye a ɗakin Inna. Shekara biyu ta yi tana tsere a kanta kullum bayan la'asar, har ta daina zuwa ta biyu, kafin wata rana kwamfaresar ta yi tari ta yi shiru.

Tukunya da Faranti sun fito daga baya, kusan wata takwas a makare. Buɗe bai sake zagin injiniyoyinsu a benci ba. In aka tsokane shi yakan ce, "Ku bar bayin Allah, ba ku san abin da suka gani ba." Faranti ta farko da aka kawo masa gyara, ya daɗe yana kallon cikinta kafin ya taɓa komai. Ya ga yadda aka lanƙwasa wani bututun tagulla ya zagaye kusa guda don a tsira da faɗin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya san wani ya yi sati bai ji daɗin abinci ba a kan lanƙwasar nan. Kukanta kuwa yana nan kamar yadda ya faɗa, kuma wannan ya tabbatar kowa a layin ya ji.

Tukunya ta farko wani direban motar haya ne ya kawo ta, ya ce tana kashe kanta da kanta. Buɗe ya kira Mai Firji ya zo ya ga gwanarsa a kan teburi. Ya kwance kusoshin, ya ɗaga murfin. Kyankyasai suka fashe kamar an tashi kasuwa, manya da ƙanana, wasu suka bi hannun rigar Mai Firji, wanda ya fita titi yana tsalle yana kaɗe jiki, dattijo mai jikoki huɗu. Sun samu ɗaki mai ɗumi, mai duhu, mai ƙofofi ta ƙasa, sun tare da iyalansu. Cikin wata biyu aka kawo masa guda bakwai, Tukunya da Faranti duka, ciwonsu ɗaya.

"Sun yi lissafin zafi, sun yi na kuka, sun yi na kuɗi," in ji Buɗe, yana share fanel da buroshin haƙori. "Ba wanda ya yi lissafin 'yan haya."

Akwai wata tela a bayan layin, bazawara mai saurin hannu da saurin baki. Buɗe ya je mata da awon na'urorin biyu da guntun gidan sauro, ya ce ta ɗinka musu riga mai zariya a ƙasa, wadda iska za ta wuce ƙwaro ba zai wuce ba. Ta kalle shi sama da ƙasa ta ce ta yi wa amare ɗinki, ta yi wa jarirai, yau kuma ga ta tana auna ƙugun tukunya. Ta ɗinka goma na gwaji, suka ƙare a kwana uku. Yanzu tana da keke biyu, ɗaya ba ya ɗinka komai sai rigunan gem, kuma masu shagunan wasu unguwanni suna zuwa sari.

Buɗe ya kusa sittin yanzu. Idonsa ya ragu, sai ya haɗa tabarau da gilashin ƙara girma kafin ya ga ƙananan wayoyi, amma hannunsa bai fara rawa ba. Duk wanda ya kawo gyara, in an gama, sai ya sa wa na'urar riga ya ɗaure zariyar da kansa, ya ja wa mai ita kunne kada ya riƙa cin biskit a kusa da ita. Kwanan baya aka fara raɗe-raɗin cewa kamfanonin suna shirin fitar da wasu sababbi. Mai Firji ya leƙo ta ƙofa da wayarsa a hannu, ya ce, "Ango, ka ga hoton?" Buɗe ya ce yana da aiki. Bayan minti biyar ya fito da benci.